Rumfar da Ta Tare Mana Rana

Wata Lahadi da yamma a watan Oktoba, ina 'yar shekara tara, Baba ya leƙa filin bayan gidanmu a Manchester ya ga maƙwabcinmu ya kafa rumfar katako a jikin shingenmu, ya rufe ta da rassan itace. Inuwarta ta faɗo daidai kan ɗan lambun alayyafon Baba, wanda ni da yayana muke tsince wa dodon koɗi kullum bayan makaranta muna gunaguni. A garin da sai an yi sa'a ake ganin rana, wannan ai neman faɗa ne.

Maƙwabcin tsoho ne, limamin Yahudawa, rabbi suke ce masa. Dama ba ma shiri. Idan ƙwallonmu ya faɗa gidansa Baba ba ya bari mu je ɗaukowa, gaisuwa kuwa iyakarta ɗaga kai. Ni ma na tsane shi, haka kawai, don Baba ya tsane shi.

Baba ya zura takalmi ya fita, na bi bayansa. Muka tarar da tsohon da matarsa cikin rumfar, sun dunƙule cikin rigunan sanyi suna cin abinci, yayyafi na ɗiga musu cikin miya. Baba ko gaisuwa babu, ya hau faɗa, ya rantse gobe zai kira council, wato hukumar gari, su rushe wannan shirmen.

Tsohon ya shafa gemu ya ce, "Kira su, maƙwabci. Kafin su ɗaga wayar na kwance ta da kaina, mako guda take yi." Ya ce ibadarsu ce: sau ɗaya a shekara sukan bar ɗaki su zauna inda ake hango sama, don kada mutum ya ɗauka rufin gidansa ne ke tsare shi. "Ga shi kuma miya ta ƙara yawa," in ji shi. Dariya ta kuɓuce mini. Baba ya galla mini harara, ya ja hannuna har gida, yana cewa tsohon ya raina masa hankali. Bai kira council ba, amma ko ɗaga kan ya daina.

Da tsohon ya rasu, wanda ya sayi gidan ya tada ɗakin bulo a wurin, alayyafo bai sake fitowa ba. Ranar da aka gama ginin Baba ya daɗe tsaye a inda lambunsa yake a da, can ya ce, "Gara tsohon nan."

Yanzu ina Birmingham, maƙwabtana ko sunansu ban sani ba. Wallahi ina kewar mutumin da aka je wa da faɗa ya amsa da wasa.