Ƙofar da Ta Fasa Ƙwaryar Kakata

Duk sa'ad da na ji ƙamshin ɗanyen siminti, raina sai ya ɓaci, kuma bari in gaya maka dalili.

Bayan babban fari ne, shanunmu uku suka rage. Daga rugarmu ta hanyar Kelle ni da kakata muke kawo nono kasuwar Gure, kowace da ƙwaryarta a ka. Tata ta gado ce daga uwarta, ta yi ja don tsufa.

Da damina ta wuce muka tarar an yi gini a bakin kasuwa: bango biyu masu lanƙwasa, da ƙofa gajeriya a tsakani. Wani saurayi da ya gama lakwal, wato makarantar boko, a birni ya zana shi. Kullum yana tsaye a gefe da littafi, yana kallon yadda mutane suke shiga.

Ni na wuce lafiya, don ni yarinya ce, tsawona bai kai ko'ina ba. Kakata doguwa ce. Sai na ji ƙwas! Nonon kwana biyu ya bi fuskarta ya gangara cikin rairayi, ƙwarya ta rabu uku.

Saurayin ya rugo. "Inna, ai da gangan aka rage tsawon ƙofar. Don mutum ya sunkuya, ya ji a jikinsa ya shigo wani wuri."

"Ɗan nan, da me kake ɗaukar kaya?"

Ta sauke tawa ƙwaryar, ta aza masa a ka. "Bismilla, shiga."

Ya rage tsawo, ya karkace. Rabin nonona ya tafi cikin rigarsa. Kasuwa ta kwashe da dariya, ni kuwa na fashe da kuka, don yanzu asarar ta zama ta mu biyu.

Haƙuri ya bayar, amma bai ɗaga ƙofar ba, wai zane zai lalace. Masu raƙuma suka yi hanyarsu ta gefe, kowa ya bi su. Kakata ta ɗinke ƙwaryar da zare, sai dai gero ta iya riƙewa.

Yau jikata ke karatun zanen gini. Ta nuna mini hoton wani fili da ta tsara, fes, ba itace ko ɗaya. Na tambaye ta ina tsohuwa za ta zauna da azahar. Ta ce za ta duba.