Kawu Isyaku da Karyar da Aka Ba Shi Amana

Ina ƙauyen Gude cikin wani garken shanu ina yi musu allura wayata ta yi ƙara. Yaya Binta ce, babbar 'yar kawuna, daga asibiti a Kano. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta ce, "Habibu, Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a gindin wata bishiya da sirinji a hannuna, mai shanun yana ta yi mini magana ban san abin da yake cewa ba. Ba zan ce labarin ya zo mini ba zato ba. Kwana huɗu kafin nan na san yana tafe, kuma wallahi tsoron da ya kama ni tun ranar bai sake ni ba har yau.

Malam Isyaku wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni a Gwarzo bayan rasuwar mahaifina. Direban babbar mota ne, ya fi shekara talatin yana jigila tsakanin Kano da Maraɗi da Tawa har Abalak a ƙasar Nijar. Yaran motarsa sun sha ba ni labarin cewa bai taɓa wuce motar da ta lalace a daji ba, kuma kullum akwai jarkar ruwa guda a bayan kujerarsa wadda ba ta injin ba ce, ta duk wanda aka tarar a hanya ce. A gida ba mai faɗa ba ne. In ka yi laifi ka zo kana kame-kame sai ya tura maka kwano ya ce, "Ci tukuna, bayanin ba inda za shi." Shi ya kai ni makarantar koyon aikin dabbobi, kuma daga ranar da na kama aiki bai ƙara kiran sunana ba, sai dai "likitan awaki".

A waɗannan tafiye-tafiye ne ya ga karnukan farautar Buzaye, ya kuwa ƙwallafa rai a kansu. Dogaye ne sirara, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, in suna gudu ba ka jin takunsu. Buzaye ba sa sayar da na asali, sai dai su ba wanda suka yarda da shi. Da matarsa Inna Hajara ta rasu, shi kuma ya ajiye tuƙi, gidan ya yi masa faɗi, sai ya shirya ya tafi Abalak wurin wani tsohon amininsa Buzu. Sau biyu yana zuwa yana dawowa hannu wofi, a na uku aka ba shi 'yar kwikwiya mace, ja mai fararen ƙafafu. An ba shi ita da sharaɗi guda: kada karen gari ya taɓa hawa ta, in lokacinta ya yi ya mayar da ita can a haɗa ta da namiji na jininta. Ni na yi masa zirga-zirgar takardun likita da aka nema a kan iyaka, ni kuma nake yi mata riga-kafi duk shekara. Ya sa mata suna Barewa.

An yi surutu a unguwa, ba kaɗan ba. Wai dattijo mai zuwa sahun gaba ya rasa abin kiwo sai kare. Kawu bai yi jayayya da kowa ba. Ya gina mata ɗakinta a bayan gida, ya ware mata kwanonta, yana dama mata gero da nono da hannunsa, da hantsi ya tafi da ita gonarsa ta hanyar Getso tana korar masa zomaye daga wake. Wata rana na tambaye shi ko wahalar ba ta yi yawa ba, sai ya ce, "Tun da Hajara ta tafi babu mai jin motsina ya ɗaga kai sai wannan dabba." Ya riga ya tsara in an gama girbi za su koma Abalak, mafarautan Kabo da na ƙauyen Jama'a har sun fara zuwa kamun ƙafa kan 'ya'yan da ba a haifa ba.

Lokacin barbararta ya zo kafin girbi. Ya kulle ta, karnukan gari suka yi ta zarya a bayan gidan yana korarsu. Wata safiya wani baƙon kare da ba wanda ya san mai shi ya tona ƙarƙashin ƙofar ya shiga. Kawu ya ji ihun Barewa, ya tafi a guje ko sanda bai ɗauka ba, ya cafki karen a wuya ya fizgo shi waje. Karen ya cije shi a gindin babban yatsa, ya riga kuma ya yaga wa Barewa kunne. Maƙwabta suka kashe shi suka binne. Wani daga cikinsu ya yanko gashin karen ya ƙona ya shafa wa Kawu tokar a ciwon, kamar yadda aka saba yi.

Da la'asar na zo. Da aka kwatanta mini karen, yadda yake dalalar da miyau, bakinsa a sake, na gane alamun ciwon haukan kare ne. Na durƙusa na ce, "Kawu, da dai an je asibiti an yi allura."

Ya yi dariya ya ɗaga hannun. "Likitan awaki, yau kuma ni ne akuyar? Wannan ɗan ƙwarzanen? Tashi ka duba mini kunnen yarinyar nan, ita ce abin ji."

Na tashi. Na wanke mata kunne da sabulu har sau uku, na ƙara mata allura, na dawo washegari na sake dubawa. Duk abin da aka koya mini na yi wa karya. Shi kuwa sau ɗaya na faɗa masa, da ya yi dariya na ja bakina, don a gidanmu ba a maimaita wa babba magana. Kunya na ji, kunyar mutumin da ya yi mini wanka ina yaro, ina kuma sane sarai da abin da wannan ciwo yake yi. Na faɗa wa kaina ƙila ba mahaukacin kare ba ne, na yi ta faɗa har na kusa yarda.

Mako bakwai lafiya ƙalau. Sai ya fara cewa hannun yana masa ƙaiƙayi, sai zazzaɓi, muka ce na sauro ne. Ranar Talata na miƙa masa kofin ruwa ya sha magani. Ya kai shi baki, sai na ga maƙogwaronsa ya ƙulle, idanunsa suka firfito, ya ture kofin har ya bugi bango. Mutumin da ya shekara talatin yana shayar da baƙi a hanya, ga ƙishirwa tana cinsa ga ruwa a gabansa. Ya dube ni na dube shi. Yaya Binta ce ta fita neman mota.

Ba zan rubuta abin da na gani a asibiti ba, Allah kada ya nuna wa kowa. Amma ciwon yana lafawa jefi-jefi, hankalinsa ya dawo garau. A irin wannan lokacin ne ya sa aka kira ni bakin gadon. Murya a shaƙe ya ce, "Kada ka ɗora wa kanka, ai ka faɗa mini." Ya huta, sannan ya ce, "Barewa ba ta da laifi. Amana ce, ka mayar wa mai ita." Ko a wannan hali neman sauke mini nauyi yake yi. Ni dai na san sau nawa na faɗa.

Ranar sadakar uku aka zauna a zaure. Yaya Nasiru, babban ɗansa, ya ce karyar nan ita ta jawo, ita ma kuma an cije ta, a harbe ta yau kowa ya huta. Mai unguwa ya goyi bayansa, ya ce akwai yara a unguwar. Ban ga laifinsu ba, tsoronsu gaskiya ne. Amma na ce, "Allah ya ba ku haƙuri, ba za a harbe ta ba. Tana da riga-kafi, ni na yi mata." Yaya Nasiru ya ce, "Habibu, da manya kake magana." Na sake faɗa, na kuma faɗa karo na uku. Na ce a ba ni mabuɗin ɗakin, babu mai zuwa kusa da ita sai ni, har watannin da ake jira a ga ko ta kamu su cika. Mai unguwa ya ce, "In wani abu ya faru, a wuyanka." Na ce na ɗauka. Washegari na kwashi Yaya Binta da duk wanda ya yi jinyar Kawu na kai su allura, ban nemi izinin kowa ba.

Yanzu kullum da safe ni nake buɗe ƙofar nan, kuma kullum sai na tsaya na yi addu'a kafin in sa mabuɗi. Mutane suna ce mini in ba ta ruwa in gani, ba su san kare ba ya gudun ruwa irin na mutum ba. Muƙamuƙinta nake kallo ko ya saki, muryarta nake saurare ko ta sauya. Ta rame, ba ta cin rabin abin da take ci, in na shiga sai ta leƙa bayana tana neman wani. Ban sani ba kewa ce ko farkon ciwo, ilimina bai kai ya raba mini su ba. Allura takan ƙi ci wani lokaci, wannan ma na sani. Akwai wata allurar a jakata wadda ba ta riga-kafi ba ce, ta kashewa ce, na yi wa mai unguwa alkawarin ranar da na ga alama ni da hannuna zan yi mata.

Allah ya jiƙan Malam Isyaku, ya gafarta masa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, ya shayar da shi daga tafkin Manzonsa. Allah ya haɗa shi da Inna Hajara a Aljanna. Allah ya ba Yaya Binta da Yaya Nasiru da sauran iyali haƙurin rashi, ya tsare su da mutanen unguwa daga wannan ciwo. Ni kuma ya Allah ka yafe mini shirun da na yi. Ka nufe ni da kai wannan dabba Abalak a raye, in kuwa ba haka ka ƙaddara ba, ka sa in gane alamar da wuri, kada hannuna ya yi jinkiri. Amin.