Turken Rami na Bakwai

Shekara ashirin da biyu Sarkin Ciyawa yana yanke ciyawar filin golf, bai taɓa buga ƙwallo ko sau ɗaya ba. Yakan ce wa matarsa, "Manya da furfurarsu suna bin abu kamar ƙwan zabo cikin rana, ni ina ruwana?" Amma yana son aikinsa, kuma yana da wani asiri da ko ita ba ta sani ba.

A rami na bakwai akwai farin turke mai nuna wa 'yan wasa saura yadi ɗari da hamsin su kai tuta. A cikin kwari aka kafa shi, kullum sai injin yankan ya kafe a gindinsa. Ran da abin ya ishe shi, ya tumɓuke turken, ya matsa da shi taku ashirin wajen tuta, ya kafa. Shi ke nan fa! Tsofaffin da ƙwallonsu ba ta wuce yadi ɗari da talatin suka wayi gari gwanaye. Wani likita mai ritaya, wanda bugunsa ko kaza ba zai firgita ba, har sababbin sanduna ya saya, wai tsofaffin sandunan sun yi wa ƙarfinsa kaɗan.

Kwatsam sai 'yar Likita ta aiko masa da na'urar auna nisa, irin wadda ake leƙawa da ido ɗaya. Labari ya kai kunnen Sarkin Ciyawa. In asiri ya tonu kora ce, ga shi saura shekara guda ya ajiye aiki da mutuncinsa.

Ran Asabar Likita ya tsaya a gindin turken, abokansa uku sun kewaye shi. Sarkin Ciyawa ya kashe inji, ya duƙa yana ta goge inda ba datti. Likita ya leƙa tuta. Ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya sake leƙawa, ya daɗe.

"Nawa ta ce?" in ji abokan.

"Ɗari da hamsin cif," in ji Likita, ya cusa na'urar can ƙasan jaka.

Da suka yi gaba sai Likita ya dawo shi kaɗai, fuska ba walwala.

"Sarki, taku nawa?"

"Ashirin, ranka ya daɗe," in ji Sarkin Ciyawa.

Likita ya waiga, ya rage murya. "Turken rami na goma sha ɗaya ma, ina ga a kwari yake."