Shirun da Alƙali Ya Yaba

Sau uku Alƙali yake sauraron waƙa kafin ya ce uffan a kanta. Na farko a tsaye, hannu a baya, kamar mai jiran mota. Na biyu a zaune, ido a rufe. Na uku kuwa sai ya kunna ta ya bar ɗakin, ya ja ƙofa, ya koma falo inda matarsa take ɗinki, ya saurare ta ta bayan bango. Yakan ce waƙar da ta iya ratsa bango da ƙarar keken ɗinki ta iske mutum, ita ce waƙa, sauran duk kwalliya ce.

Shi ba alƙalin kotu ba ne. Ma'aikacin wani ƙaramin gidan rediyo ne, masu sauraro suka laƙaba masa sunan har nasa na gaskiya ya ɓace. Kowace Larabar ƙarshen wata ake miƙa masa jerin waƙoƙi goma da suka fi tashe, ya kai su gida ya yi kwana uku da su. Ranar Asabar da hantsi ya zauna gaban makirfo, ya sa su ɗaya bayan ɗaya daga ta goma zuwa ta ɗaya, ya faɗi abin da ya ji a cikin kowace, sannan ya yanke hukunci. Hukuncin iri biyu ne kawai: "Za ta kwana," ko "Ba za ta kwana ba." Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, da koren biro iri ɗaya.

Bai taɓa kaɗa komai ba, muryarsa kuwa in ya ɗauko waƙa kamar ana jan tebur a kan siminti. Kunne kawai Allah ya ba shi. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, a shagonsa ya tashi, tsakanin akwatunan da aka farke cikinsu, kuma tun yana shekara tara yakan gane wace lasifika ce ta tsage kafin tsohon ya ɗauko sukudireba.

Matarsa, wadda yake kira Tela, ta ce ita duk waƙoƙin nan hayaniya ce.

"Ni ban ji komai ba, Malam. Aiki nake."

"To ƙafarki fa? Tun ɗazu take taka keken nan daidai da gangar."

"Ƙafata ce, ba taka ba. Ka rubuta abinka ka bar ni."

Sau da yawa ƙafar nan ce ta ceci waƙar da ya yi niyyar kayarwa, amma bai taɓa faɗa a rediyo ba.

Abin bai zo da sallama ba. Da farko butar shayinsu ce ta daina fito. Ya ce wa Tela butar ta tsufa, a sayo wata. Ta dube shi, ta dubi butar, ta ce to. Daga baya ya lura tsuntsayen bishiyar bayan taga sun yi ƙaura, ya ɗora laifin a kan hayaƙin motoci. Sai kuma ya fara ƙorafi a shirinsa cewa mawaƙan yanzu haɗiye kalmomi suke, suna tauna baiti kamar masu ciwon haƙori. Tsofaffin masu sauraro suka yi ta bugo waya suna cewa gaskiya ya faɗa. Abin da bai daina faɗa ba kuwa, wata bayan wata, shi ne yaran nan suna tsoron shiru. Sun cika kowane lungu na waƙa da tarkace, ba sa barin ko tagar da mai sauraro zai sha iska.

Jerin watan nan ya zo kamar na kullum. Ta goma ihu ce da aka sa wa takalmi. Ta bakwai an ari kiɗanta daga ta bara, ko wanke shi ba a yi ba. Ta huɗu tana da amshi mai daɗi, sai dai mawaƙin ya maimaita shi har ya tsinke. Ta ɗaya kuwa ta wata sabuwar mawaƙiya ce da bai taɓa jin sunanta ba, a kan mace da ke jiran wani a tasha har motar ƙarshe ta tashi. Murya mai kauri, ganga a hankali, jita tana bin su a baya. Can tsakiyar waƙar, bayan ta ce ba zai zo ba, sai komai ya tsaya cak.

Alƙali yana tsaye, hannu a baya, ya ji tsigar jikinsa ta tashi. A sauraro na biyu ya buɗe ido ya duba agogo: sakan goma sha ɗaya cur, babu ganga, babu murya, sannan kiɗan ya dawo. A na uku, daga falo, ya ga ƙafar Tela ta tsaya a daidai wurin, ta ɗaga kai tana kallon bango. Ya ce a ransa, ko ita shirun ya kama ta. Bai tambaye ta ba. Ya koma ɗaki ya rubuta shafi guda ba tare da ya soke ko kalma ɗaya ba.

Ranar Asabar ya karanta shi da muryar da yake ajiyewa don manyan ranaku. Ya ce shekara da shekaru yana roƙon a ba shi shiru, yau wata yarinya ta ba shi sakan goma sha ɗaya. Ya ce a cikin shirun nan ake jin tashar ta watse, ake jin benci yana hucewa. Ya ce duk makaɗin da ya iya ɗauke hannunsa ya fi wanda ya iya ɗora shi.

Ta bayan gilashi, Injiniya, abokin aikinsa tun farkon shirin, yana ta kaɗa masa hannu. Alƙali ya ɗauka lokaci ne ya ƙure, ya yi sauri ya ce, "Za ta kwana, har ta wuni," ya buɗe layin waya.

"Baba Alƙali, barka da aiki," in ji mai kira na farko. "Don Allah wane shiru kake nufi?"

"Na tsakiyar waƙar mana, ɗana."

"Ai wurin sarewar ke nan, Baba. Ita ce ma kowa ya sa a wayarsa."

Ta biyu mace ce, dariya ta hana ta magana. Na uku ya ce ko dai wata waƙar aka ba Baba a gida? Injiniya ya katse layin ya jefa talla.

Da jar fitilar da ke nuna ana watsa shiri ta mutu, Injiniya ya shigo ya ja kujera. Mutum ne da bai iya gaisuwa ba sai da tsiya, amma yau bai ce masa tsoho ba.

"Zo ka ga wani abu, ranka ya daɗe."

Ya mayar da waƙar daidai wurin, ya nuna masa allurar da ke auna ƙarar sauti. Muryar ta ce ba zai zo ba. Ganga ta tsaya. Allurar kuwa ba ta kwanta ba. Ta ɗaga, ta yi rawa, ta ɗan sauko, ta sake hawa, tana karkarwa kamar ganye a bakin ruwa. Alƙali ya kafa mata ido. A kunnensa babu komai sai shirun nan mai kyau da ya yaba.

"Ƙara murya," ya ce.

"Ta kai ƙarshe. Ni nan har haƙorana nake jin ta."

Gani ya kori ji, in ji masu magana. Bai taɓa zaton shi za a yi wa karin maganar nan a zahiri ba.

Likitan kunne ta sa shi a wani ɗan ɗaki mai laushin bango, ta ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Ya danna, ya danna, sai kuma ya zauna yana jira, yana ganin ta ta gilashi tana rubutu. Ta nuna masa takarda mai layi da ya taho a miƙe sannan ya gangara kamar bakin rami. Ta ce sautuka masu kauri suna nan, sirara ne suka tafi, kuma sun daɗe da fara tafiya. Shekaru ne, da kuma abin sauraron da ya yi rabin rayuwarsa yana ɗorawa a kunne.

"Suna dawowa?"

"A'a, Baba. Akwai na'urar da za ta taimaka maka da hira."

"Kiɗa fa?"

Ta ajiye takardar. "Za ka ji wani abu. Ba zan ce maka shi ne abin da suka kaɗa ba."

Ya gwada na'urar mako guda. Cokula suka dawo, da takun takalmi, da kukan ƙofa. Sarewar ma ta zo, amma kamar ana kankare gwangwani da ƙusa. Ya san ba ita ba ce. Ya cire ya sa a aljihun tebur, kusa da koren biro.

Abin da ya fi ci masa rai ba dariyar mutane ba ce. Shafin nan ne. Ya sake karanta shi ya ga har yanzu shi ne mafi kyawun abin da ya taɓa rubutawa, kuma a kan abin da babu shi. Sai ya fara lissafin baya: mawaƙa nawa ya ce suna haɗiye kalmomi? Waƙa nawa ya ce ba za ta kwana ba, alhali rabinta kawai ya ji? Tun yaushe? Babu wanda zai tambaya.

Manaja ya kira shi ofis, ya ba shi kujera mai taushi, ya yi masa kirki har ya yi yawa.

"Baba, kada ka sa wannan a ranka. Ka san mutum nawa suka saurari maimaicin shirin? Ba mu taɓa samun irinsa ba. Muryarka suke so. Injiniya ya riƙa rubuta maka abin da ke ciki, kai kuma ka zuba musu Hausar nan taka."

"In yanke hukunci da kunnen aro?"

"Wa zai sani?"

Alƙali ya dubi tafin hannunsa. Ya yi godiya ya fito.

Larabar ƙarshen wata ta zo, jerin ya zo, waƙar tana nan a ta ɗaya. Ya saurari sauran taran a tsaye, a zaune, da ta bayan bango, bai cire murfin biro ba. Da ya zo kanta sai ya leƙa falo.

"Tela, zo ki ara mini kunne."

Ta zo da zare a bakinta, ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa zama a ɗakin nan ana sauraro ba. Da wurin ya wuce ya tsayar.

"Me take yi?"

"Busa take."

"Na sani. Yaya take busawa?"

"To... siririya ce. Kamar zare lamba sittin. Tana hawa sau uku, sai ta sauko sau ɗaya."

"Kuka take ko rarrashi?"

"Malam, ni tela ce." Ta cire zaren daga bakinta. "Tsaya in yi maka."

Ta rera masa da muryarta, ƙasa-ƙasa yadda zai ji, tana kaucewa tana dawowa, har numfashinta ya yanke a hawa na uku. Ya ji. Ya roƙe ta ta sake, ta sake. Karin yana da kyau, ko kuwa muryar matarsa ce take da kyau a wurinsa, ya kasa rabewa.

"Kin san butar nan ba ta lalace ba," ya ce.

"Na sani."

"Shekara nawa?"

"Uku. Da na faɗa maka, me za ka yi?" Ta naɗe zaren a yatsa. "To, za ta kwana?"

Ya tura koren biron gefe. Ita kuwa ta miƙe da sauri ta nufi kicin, daga nan ya gane ruwan ya tafasa.

Ranar Asabar ya zauna gaban makirfo da takarda fara. Ya sa ta goma, ya faɗi sunanta da na mai ita, ya wuce. Haka ta tara, haka ta takwas. Injiniya ya ɗago wata takarda ta bayan gilashi, an rubuta da manyan baƙaƙe: HUKUNCI FA? Alƙali ya girgiza kai. Fitilun waya suka yi ta ƙiftawa, bai buɗe layi ba.

Da aka zo ta ɗaya ya bar ta ta tafi har ƙarshe. A tsakiya ya juya ya kalli allurar tana hawa sau uku, tana saukowa sau ɗaya, daidai yadda Tela ta faɗa.

"Jama'a," ya ce bayan ta ƙare, "a watan jiya na yabi yarinyar nan a kan abin da ba ta yi ba. Ina ba ta haƙuri, da wanda ya busa mata sarewa, da wasu da yawa da ban san adadinsu ba. An ce sarewar tana da kyau. Matata ta ce siririya ce kamar zare. Ku kuka ji ta, ni ban ji ba. Saboda haka ba ni da hukunci, yau ko wani watan."

Saura minti huɗu a lokacin shirin, kuma ba shi da sauran magana. Injiniya ya ɗaga hannu yana tambayar me zai sa. Alƙali ya zare abin sauraron daga kansa ya ajiye a kan tebur, ya yi masa alama da yatsa ya sake sa wa jama'a waƙar.