Ranar da Maikano Ya Ƙyale Janbaki

Duk fadamar Wudil babu wanda tsuntsaye suka tsana kamar Maikano. Shekara talatin yana noman shinkafar rani a bakin kogi, shekara talatin yana korar janbaki, ƙananan tsuntsayen nan masu sauka dubu-dubu su share gona kafin azahar. Ya zagaye gonarsa da igiya, ya rataya mata gwangwanaye cike da tsakuwa. In ya ja igiyar ya haɗa da ihu, har masu wucewa a kan gada sai sun juyo. Matarsa Saudatu ta ce ko a tsakar gida kurciya ta gifta, sai ka ga hannunsa yana laluben igiya.

Wannan mutumin Malama Grace, mai koyarwa a jami'a, ta zaɓa ya nuna mata tsuntsaye a bazarar bara. Ba ta yi kuskure ba, don tsabar gaba ta sa ya san su ciki da waje. Ya san inda kirinjijiya ke kwana, ya san makon da shamuwa za ta iso. Matsalar ɗaya ce: da ta saita kyamara, sai ihu ya suɓuce masa, tsuntsu ya tashi.

"Baba Maikano, kallo fa muka zo yi," in ji ta.

"Ni na sani, Malama. Bakin ne bai sani ba."

Ran nan da hantsi, saura kwana huɗu ya yanke shinkafa, suna zaune a rumfar gona, sai ga gauraka biyu sun sauka a bakin ruwa da tukkunsu ruwan zinare. Rabon Maikano da ganin gauraka tun yana bin mahaifinsa gona, har ya ɗauka sun ƙare. Bai gama mamaki ba sai ga janbaki, baƙi ƙirin kamar hadari, suka zube kan shinkafar da gidansa zai ci har kaka.

Igiya na hannunsa. In ya ja, gauraka sun tafi, in bai ja ba, abinci ya tafi. Malama Grace ta sauke kyamara ta ce, "Baba, ja abinka. Hoto bai kai shinkafa ba."

Bai ja ba. Ya zuba wa namijin gaurakan ido yana rausaya yana buɗe fiffike a gaban macen, kewar tsohonsa ta kama shi har idonsa ya ciko. Sai da gaurakan suka tashi don kansu sannan ya fasa ihu, amma janbaki sun riga sun kwashe kusurwar gabas kaf.

A majalisa ya ce igiya ce ta sarƙe, har ya ɗauko ta ya kai gida wai zai gyara. Saudatu ta warware ta tun daga farko har ƙarshe, ta tarar lafiyarta ƙalau. Ta naɗe ta ajiye, ta rage awon shinkafar gidan, ba ta kuma taɓa tambayarsa ba.