Ba Kai Ka Kashe Batirin Ba, Kofur

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha bakwai ga watan Maris, jim kaɗan bayan Azahar, Allah ya karɓi ranka, Kofur, kana da shekara saba'in da tara. Ni ne mai gyaran rediyon da shagonsa ke jingine da katangar gidanka, shekara talatin da ɗaya muna gaisawa ta taga ɗaya. Abin da kunnena ya ji a wurin jana'izarka shi ya sa na ɗauki alƙalami. Muna cikin sahu wani a bayana ya ce wa na kusa da shi, "Allah ya jiƙan Baba Mai Batir, mutumin kirki ne, sai dai ɗan taɓin nan." Don girman gawarka na haɗiye maganar. Yau kam ba zan haɗiye ta ba.

Babu taɓin komai a kanka. Waɗanda suka ga tsoho yana bin masu gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, yana tonon matattun batura, suka yi dariya, ba su taɓa zama sun tambaye ka dalili ba. Ni na tambaya, kuma ga abin da ka faɗa mini.

Kana ɗan shekara ashirin da uku, kai ne mai goyon rediyon oba-oba a rukuninku na soja. Aka tura ku sintiri ku tara, aka yi muku kwanton ɓauna a bakin wani rafi. Ka murɗa rediyo don neman ɗauki, ko ƙis bai ce ba. Batirin da ka karɓo sabo fil daga sito da safiyar ranar ya mutu murus. Mutum huɗu ba su dawo ba, har da Sajenku. Masu bincike suka zauna rabin yini, suka rubuta cewa kai ka bar rediyo a kunne har batir ya ƙare, suka sallame ka da kalma guda a takarda: sakaci.

Amma ka riƙe lambar da aka buga a jikin takardar batirin nan, lambar rukunin da aka ƙera tare da shi. Ita ka yi ta bi har tsufa, daga wurin gwanjon tsofaffin kayan soja zuwa akwatunan da tsofaffin sojoji suka mutu suka bari. Ka tara batura sama da ɗari uku, a cikinsu goma sha ɗaya masu waccan lambar. Duk goma sha ɗayan, kwaltar da aka toshe bakinsu da ita ta tsage a kusurwa ɗaya, cikinsu ya bushe tun suna sito. Sauran ɗari ukun ka ajiye su ne don a gwada a gani, nasu bakin lafiya lau.

Na ga yadda ka kula da su. Kanta ta katako, ban da ƙarfe. Kowanne a kan ɗan kwalinsa, nesa da rana, nesa da danshi. Duk Asabar ka ɗauki tsohon buroshi kana kakkaɓe farin garin da ke fitowa a gefensu, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Ka rubuta wa ofishin soja wasiƙa sau bakwai, sau ɗaya suka amsa, wai ba a ga fayil ba.

Duk da wannan nauyi ba ka zama mai ɗaci ba. Lokacin da aka yi mini aikin ido, wata biyu ka zauna a shagona don kada masu kawo gyara su watse, kana ce musu, "Maigidan ya tafi a gyara masa fitila." Babu tocilar da ta mutu a layinmu ba ka tashe ta ba. In hannuna ya yi rawa wajen haɗa waya, sai ka leƙo ta taga ka ce, "Maƙwabci, tankaɗe kake yi ko gyara?" Wallahi har yanzu ina ɗaga kai in dubi tagar.

Kwana biyu da binne ka na shiga gaida iyali, na tarar da 'ya'yanka mata a ɗakinka da bokiti da tsumma. So suke su bar wa mahaifinsu ɗaki tsaf. Sun fara goge baturan da ruwa, takardar biyu daga cikin goma sha ɗayan ta riga ta narke, lambar ta tafi. Na daka tsawa a gidan makoki, abin da ban taɓa yi ba, har babbar ta saki tsumma ta fashe da kuka. Ku yafe mini, 'ya'yana, ba ku da laifi, bai taɓa son ɗora muku wannan kaya ba. Tara sun tsira, kuma tara sun isa. Na kwashe baturan duka na kai shagona.

A ranar ne maiɗakinka ta kira ni gefe ta miƙo mini wata wasiƙa da ka rubuta ba ka aika ba. Ashe ka gano inda 'yar Sajen nan take, malamar makaranta ce, sau uku kana shiryawa za ka je, ƙafarka tana ƙi. Ni ba ni da kunyarka, Kofur. Na aika mata da wasiƙar, ta kuwa zo.

Ta shigo shagona fuska a ɗaure. Tun tana yarinya ake faɗa mata cewa sakacin mai rediyo ne ya mayar da ita marainiya. Ban yi mata dogon bayani ba. Na jera taran a gefe ɗaya, wasu ashirin a ɗaya gefen, na ba ta madubin da nake duba ƙananan wayoyi da shi. Ta daɗe a sunkuye tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Da ta ɗago sai ta ce, "Baba, duk a wuri ɗaya suka tsage." Na ce, "Haka ne, 'yata." Ta ce, "Ni kuwa na girma ina tsine masa." Ta tambayi ƙofar gidan, ta shiga ta durƙusa gaban maiɗakinka, ta yi mata gaisuwa, ta nemi gafara, suka yi kuka tare.

Na sani, a wani ofishi har yanzu kalmar nan tana nan a gaban sunanka. To, su sani ban mutu ba tukuna. Na rubuta wasiƙa ta takwas, malamar ta sa hannu a ƙasan nawa, kuma in sun yi shiru akwai ta tara. Baturan suna shagona a kan kantar katako, babu mai gwangwan da zai taɓa ko ɗaya. Mai son ya sake cewa taɓi, ga ƙofata a buɗe, ya zo ya faɗa a gaban idona.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta ɗauki wannan nauyi tare da kai ba ta taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yanka da jikokinka. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Ku ɗaga kanku, mahaifinku bai ci amanar kowa ba.

Allah ya jiƙanka, Kofur, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya yi maka shari'ar da duniya ta ƙi yi maka. Allah ya sada ka da mutum huɗun nan a Aljanna, ka faɗa musu da bakinka cewa ka kira.