Kunnen Baba da Tsohuwar Sifikarsa

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa ba, mahaifina ya yanke wa kansa hukunci cewa ya kama hanyar kurmancewa. Ba likita ne ya faɗa masa ba. Shi kaɗai ya zauna a ɗakinsa ya yi shari'ar, kuma bai ga dalilin sanar da kowa ba.

Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masaƙa a Bompai, a tsakiyar injinan da in suna aiki ko ihu ka yi na kusa da kai ba zai ji ba. Abokan aikinsa kuwa ɗaya bayan ɗaya kunnensu ya yi ta tafiya. In suka haɗu a ɗaurin aure sai ka rantse faɗa suke yi, alhali gaisuwa ce. Don haka tun ranar da ya yi ritaya yake jiran layi ya zo kansa.

Abin da ya fi so a gidanmu na Hotoro shi ne wasu manyan sifiku biyu masu akwatin katako, da amfilifaya mai ƙara musu ƙarfin murya da rikoda, waɗanda ya saya tun kafin a haife ni. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya rufe ƙofa ya sa kaset ɗin tafsiri, murya ƙasa-ƙasa. Dokar gidan ita ce ba mai taɓa su. Na girma har na yi gemu ban taɓa murɗa ko maɓalli ɗaya ba.

Kwatsam sai ya lulluɓe su da tsohon zanen gado. Ya daina fita majalisar ƙofar gida bayan la'asar, magana ma sai ta kama dole. Mahaifiyata ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Ka je ka ji abin da ke damun mahaifinka. Ni in na tambaya sai ya ce lafiya lau, kuma ga shi nan yana ta ramewa."

Sai da na yi ta zagaye-zagaye kafin ya buɗe baki. Ya ce, "Kunnen ne. Duk sanda Malam ya kausasa murya a kaset ɗin tafsiri sai in ji wata ƙara a ciki kamar ƙudan zuma. Haka yake farawa, na gani a wajen mutanenmu. Ba zan zauna a majalisa ana tambayata gabas ina amsa yamma ba."

Na ce, "Baba, ku ba ni izini in kunna."

Ya yi mini alama da hannu, irin ta wanda ya riga ya haƙura. Malam na fara karatu, sai ga ƙarar nan, zirrr, tana bin muryar tana yayyaga ta. Na ce, "Baba, wallahi ni ma ina jin ta."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Allah ya yi maka albarka. Amma ba sai ka rantse don ka faranta mini ba."

Maganar nan ta sosa mini rai ƙwarai. Na tashi na gwada iyakar ilimina na gyara, wato na hure kaset ɗin, na bubbuga akwatin da tafin hannu. Ƙarar ta ƙaru, ni kuma na sha harara. Nan na kira wani abokina mai gyaran lantarki a wani kamfani a Challawa, wanda ba abin da ke sa shi nishaɗi kamar tsofaffin kayan sauti.

Ranar hutunsa ya zo, ya durƙusa ya gaida Baba, ya nemi izini. Ya cire kaset ya kama tashar rediyo, ƙarar na nan. Ya musanya wayoyin dama da na hagu, ƙarar ba ta bar akwatin hagu ba. Ya ce, "To, amfilifaya ta fita daga zargi." Da ya cire ragar gaba, sai ga soson da ke zagaye da bakin sifikar ya ruɓe, yana taɓawa yana marmashewa kamar busasshen burodi. Ya yi bayani cewa soson nan ne ke riƙe takardar sifika a tsakiya. Da ya mutu sai ta sunkuya, abin da ke cikinta ya riƙa gogar ƙarfe.

Baba dai gyaɗa kai kawai yake yi. A ganinsa mun haɗa baki ne.

Sai abokina ya kashe komai ya ce, "Baba, ku kawo hannunku." Ya ɗora yatsun Baba a kan takardar ta hagu, ya ce ya danna a hankali. Baba ya danna, ya saki, ya sake dannawa. Ya rufe ido. Ya matsa wajen ta dama ya danna, ya dawo ta hagu.

"Wannan tana gogawa," in ji shi. "Waccan lafiya lau take tafiya."

Ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Can ya ce, "A masaƙa haka muke gane injin da ba shi da lafiya. Kunne ba ya aiki a can, sai tafin hannu." Rantsuwata bai karɓa ba, amma hannunsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Abokina ya samo sabon soso, ya kankare tsohon gam, ya daidaita takardar a tsakiya ya manne. Ya yi wa ta daman ma, don ita ma ta kusa. Wajen mayar da su cikin akwati sai ya juya su, sama ta koma ƙasa, wai nauyin shekaru ya ja su gefe guda. Ya ce kar a kunna sai gam ya bushe. Baba ya yini yana leƙa su kamar mai jinya.

Washegari ya kira ni da mahaifiyata, abin da bai taɓa yi ba, ya sa kaset da hannunsa. Muryar Malam ta fito tas. Ana cikin karatu sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kun ji? Wani ya yi tari a bayan masallacin." Mu ba mu ma lura ba, sai da ya mayar da kaset ɗin baya. Da tarin ya sake fitowa sai na ga hawaye na bin gemunsa. Mahaifiyata ta juya tana gyara mayafi.

Daga baya mun kai shi asibiti, aka ce kunnen ya ɗan ragu, amma da sauransa sosai. Har yau in na tuna sai in gode wa Allah, in gode wa abokina da ya gane cewa dattijon nan ba bayani yake buƙata ba, so yake ya taɓa da kansa. Na kuma koyi cewa in babba ya yi shiru, a daure a zauna kusa da shi, don wani tsoron ba ya iya faɗarsa ga 'ya'yansa.

Baba na nan da ransa, ya koma majalisarsa, musu ma ya fi na da. Kwanan nan ina tsakar gida ina raɗa wa mahaifiyata cewa tsohon nan ya fiye rigima, sai muka ji murya daga ɗaki: "Ina jin ka."